Asibitin da Ya Karɓi Waɗanda Aka Fidda Rai da Su

A ƙarshen ƙarni na 19, idan likita a New York ko Chicago ya saurari ƙirjin mutum ya ji tarin fuka ya kama huhu, shawararsa ba ta wuce ɗaya ba: ka nufi yamma, inda iska take a bushe. Garin da aka fi kwatanta wa mutane shi ne Denver, a jihar Colorado, wanda ke kan tudu kimanin mita 1,600 sama da teku, ga rana kusan kullum. Mai hali ya je ya kama ɗaki a gidan jinya na kuɗi, ya miƙe a baranda ana kawo masa madara. Talaka kuwa 'yan uwa ne za su yi masa karo-karon kuɗin jirgin ƙasa, na zuwa kawai. Ya sauka a tasha ba masauki, ba ƙarfin aiki, masu gidajen haya kuma da sun ji irin tarinsa sai su ce ɗaki ya ƙare. Wasu a bakin titi suka riƙa kwana, wasu a nan suka cika.

Cikin waɗannan baƙi akwai Yahudawa da yawa. Tsakanin 1881 da 1924 kusan miliyan biyu daga cikinsu suka baro daular Rasha da gabashin Turai, suna gudun talauci da farmakin da ake kai wa unguwanninsu. Da yawansu a ɗakunan ɗinki na New York suka ƙare, a cunkushe, ba taga, ƙurar yadi a hanci, daga asuba har dare. Cutar ta yi musu yawa har ake ce mata ciwon teloli. Masu ƙin baƙi suka samu abin faɗa, wai su ne suka shigo da ita, alhali ƙididdigar da likita Maurice Fishberg ya yi a lokacin ta nuna Yahudawan New York ba su kai maƙwabtansu mutuwa da ita ba. Robert Koch ya riga ya gano ƙwayar cutar tun 1882, amma sanin ƙwaya daban, samun maganinta daban. Za a yi shekara sittin da ɗoriya kafin a samu.

A cikin wannan hali Yahudawan Denver suka gina gidajen jinya biyu na kyauta, kuma suka daɗe ba sa ga maciji da juna. Saɓanin nasu ne ya sa na ɗauki alƙalami, don tambayar da suka yi jayayya a kanta har yau tana gaban duk wanda ya taɓa tara kuɗin taimako: idan gadaje ba su da yawa, wa za a kwantar? Ina da ɓangaren da na ɗauka, zan kuma faɗe shi, amma sai na ba kowa haƙƙinsa tukuna.

Na farkon ya samo asali ne daga wata mata, Frances Wisebart Jacobs, wadda mutanen garin ke wa laƙabi da uwar masu sadaka. An san ta da tsayawa a hanya ta tallafi wanda ya faɗi yana aman jini, a lokacin da kowa ke tsallakewa. Ita da limamin Yahudawan garin, William Friedman, suka matsa har aka aza harsashin asibiti a Oktoban 1892. Wata guda bayan haka ciwon huhu ya yi ajalinta, tana da shekara 49. Aka gama gini a 1893, sai darajar azurfa ta faɗi, tattalin arzikin Colorado ya durƙushe, ginin ya zauna a rufe shekara shida. Sai da B'nai B'rith, wata ƙungiyar taimakon juna ta Yahudawa, ta ɗauki nauyinsa a matsayin aikin Yahudawan Amurka baki ɗaya sannan aka buɗe shi, ranar 10 ga Disamban 1899, da sunan National Jewish. Takensa ya shahara: mai iya biya ba ya shiga, wanda ya shiga ba ya biya. Majinyaciya ta farko da aka kwantar Kirista ce 'yar asalin Suwidin, daga Minnesota. Kuma sun riƙe alkawarin nan na rashin karɓar kuɗi har zuwa 1968. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada kowa ya raina shi.

Sai dai ƙofar tana da sharuɗɗa. Wanda ciwonsa bai yi nisa ba kaɗai ake karɓa, wanda likita ke ganin zai tashi. Zaman bai wuce wata shida ba. Dole kuma a nuna cewa idan an sallame shi akwai abin da zai koma gida da shi, kada ya zame wa Denver kaya. Shugabannin asibitin Yahudawa ne 'yan asalin Jamus, waɗanda suka daɗe a Amurka, suka yi arziki, suka sassauta a kan dokokin abinci na addininsu. Shekaru da dama ɗakin girkin asibitin bai bi waɗannan dokoki ba. Ga tela ɗan Rasha da ya tashi bai taɓa haɗa nama da madara a kwano ɗaya ba, bai taɓa cin abin da ba yankansu ba, wannan na nufin ya zaɓa tsakanin gadon asibiti da abin da ya yi imani da shi. Musulmin da ya taɓa kwanciya a asibitin da bai san asalin naman da ake ba shi ba zai gane nauyin wannan zaɓi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Waɗanda sharuɗɗan suka bari a waje su ne suka kafa gida na biyu. A ƙarshen Oktoban 1903 wasu masu ƙananan sana'o'i, teloli da makamantansu, da yawansu su kansu suna tari, suka haɗu a unguwar West Colfax. Aka zaga da hula, abin da aka samu dala ɗaya da santi goma. Da wannan suka fara. A 1904 aka yi wa ƙungiyar rajista, wadda aka fi sani da JCRS, wato ƙungiyar agajin Yahudawa masu tarin fuka, aka sayi fili eka 20 a bayan gari, aka kafa tantuna da ba su kai goma ba da ɗan gini guda. Dokarsu a taƙaice take: ko ciwo ya kai ina, a kawo shi. Ba a tambayar kuɗi, ba a tambayar addini, abinci kuma bisa dokar addinin Yahudu ake dafa shi, ana kuma yi wa majinyaci magana da Yidish, harshen da ya sha a nono. Taken da suka ɗauka daga littafinsu na Talmud shi ne wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci duniya ne gaba ɗaya. Mu ma muna karanta makamanciyar wannan magana a aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, wadda ta ce an wajabta ta ne a kan Banu Isra'ila.

Mutumin da ya riƙe wannan gida shi ne Dakta Charles Spivak. An haife shi a Kremenchug, cikin Yukiren ta yau, a 1861. Ya gudo Amurka a 1882, ya yi leburanci kafin ya yi karatun likita a Philadelphia, rashin lafiyar matarsa kuma ya kawo shi Denver a 1896. Shi ne sakataren ƙungiyar tun kafuwarta har rasuwarsa a 1927, abokinsa Dakta Philip Hillkowitz yana shugaba. Fayilolin majinyatan suna nan a ajiye a Jami'ar Denver, kuma abin da ya fi taɓa ni a labarinsu shi ne wasiƙu. Uwa ta rubuto daga New York tana tambayar ɗanta, a amsa mata. Mutum ya rasu, a sanar da iyalinsa, a lissafa ɗan abin da ya bari, a shirya masa jana'iza. Akwai wani sashe a kan tudu a maƙabartar Golden Hill inda aka binne da yawa daga cikin waɗanda ba su da kowa. Shi Spivak ɗin ya bar wasiyya a yi karatu da gawarsa, aka kuma aika ƙasusuwansa jami'a a birnin Ƙudus don koyar da ɗalibai.

Sannu a hankali tantuna suka zama gine-gine. Aka yi gona, garken shanu na madara, kaji, wurin ibada, ɗakin karatu, maɗaba'a da wurin ɗinke littattafai inda masu samun sauƙi ke koyon sana'ar da ba ta da ƙura. Har gidan waya aka buɗe aka sa masa sunan Spivak. A cikin shekara hamsin sun yi jinyar mutum kusan dubu goma, ba wanda aka miƙa wa takardar biya.

To, ni ina bayan telolin. Na san hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba ta wasa ba ce. Gado ɗaya ne, mutum biyu ke nema: ɗaya zai warke cikin wata shida ya koma ciyar da iyalinsa, ɗayan zai riƙe gadon shekara guda ya mutu. Duk wanda ya taɓa riƙe amanar kuɗin jama'a zai ji nauyin wannan lissafi. Amma lissafin yana da rami biyu. Na farko, wanda ciwonsa ya yi nisa shi ne ya fi yaɗa shi. Idan ka mayar da shi ɗakin haya inda yake kwana da mata da 'ya'ya biyar, ka ajiye gado ɗaya yau ka haifi masu neman gado uku baɗi. Ko da ma'aunin riba da asara za a bi, kwantar da shi ya fi amfani ga gari. Na biyu shi ne wanda ya fi damu na. Duk gidan taimakon da ke zaɓar waɗanda za su warke, rahotonsa na ƙarshen shekara zai yi kyau, masu bayarwa su ji daɗi su ƙara. Daga nan, ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba, sai rahoton ya fara zaɓar majinyata. JCRS ta yarda adadin mamatanta ya yi yawa a takarda, don ta san mutumin da ba zai warke ba har yanzu yana jin yunwa, yana jin sanyi, yana tsoron mutuwa a inda ba wanda ya san sunansa. Yi masa hidima jinya ce cikakkiya, ko da ba za a taɓa rubuta shi a layin waɗanda aka sallama ba.

Akwai kuma batun mutunci. A gida na farko attajirai ne ke yi wa talakawa alheri, a kan sharuɗɗan attajiran. A na biyu talakawa ne suka gina wa kansu, da kuɗin da suka fito daga aljihun irinsu. Wanda ya kwanta a tanti a West Colfax ya san wataƙila santi biyar ɗin da ya taɓa jefawa a gwangwani, lokacin yana da lafiya, yana cikin kuɗin madarar da yake sha. Ba ya sunkuyar da kai. Adalci ne a ƙara da cewa National Jewish ya sassauta sharuɗɗansa daga baya, ya gyara ɗakin girkinsa, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan asibitocin huhu na duniya, har yau yana aiki. Ina ganin maƙwabcin nan mai tantuna yana cikin abin da ya tura shi.

Yadda suka tara kuɗin ma abin lura ne. Ba su jingina da attajiri guda ba. Ƙungiyoyin mata a birane da dama na Amurka su ne ƙashin bayan aikin, suna bin gida-gida, suna shirya taruka, har wasu gine-ginen sunan waɗannan ƙungiyoyi suke ɗauke da shi. Ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan gari ɗaya suna aiko da kaso kowace shekara, ana buga lissafi kowa ya gani. Irin wannan tsari ya bazu. A Duarte ta jihar Kalifoniya wata ƙungiya da aka kafa a 1913 ta fara da tanti biyu a eka goma, ita ce yau cibiyar ciwon daji ta City of Hope. A New Jersey, Dora Moness Shapiro ta kafa gidan jinya na Deborah a 1922. A Denver ɗin kanta wasu mata ƙarƙashin Fannie Lorber sun buɗe gidan reno a 1907 saboda yaran da iyayensu ke kwance. A New York kuma aka buɗe masana'antar ɗinki ta Altro a 1915, inda wanda aka sallama zai yi aiki gwargwadon ƙarfinsa a ƙarƙashin idon likita, don an lura da yawa suna komawa tsohon ɗakin ɗinki ciwon ya dawo. Sun bi cutar har inda take cizo: wa zai riƙe yara, wa zai ba da aiki bayan sallama.

Na san akwai mai karatun da tun da ya ga an ambaci Yahudawa a rubutun nan zuciyarsa ta tafi Falasɗinu. Tawa ma tana can, kuma ba na neman kowa ya sauke abin da yake ji. Amma telan da ya jefa santi biyar a hula a 1903 ɗan gudun hijira ne mai tofar da jini, shekara arba'in da biyar kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Ɗora masa laifin wata gwamnati zalunci ne, ƙin koyon abin kirki daga gare shi kuma asara ce tamu.

Shin gidajen nan sun warkar da tarin fuka? A gaskiya kaɗan ne abin da likitancinsu ya iya. Hutu ne, da iska, da rana, da madara da ƙwai, wani lokaci a hura iska a ƙirji a kwantar da huhu ɗaya ya huta. Wasu sun tashi, da yawa ba su tashi ba. Abin da ya karya cutar ƙwayoyi ne: streptomycin da Albert Schatz ya gano a ɗakin binciken Selman Waksman a 1943, sai isoniazid a 1952. Gwajin da aka fara a Madras ta Indiya a 1956 ya nuna wanda ke shan magani a gida yana warkewa kamar wanda ke kwance a gidan jinya. Daga nan gidajen suka fara rufewa. JCRS ta koma aikin ciwon daji a 1954, harabarta kuma yau kwalejin zane-zane ce. Don haka ba kira nake a gina gidajen jinya a bayan gari ba. Wancan zamani ya wuce, gara da ya wuce.

Abin da bai wuce ba shi ne ɗaya rabin aikin, kuma a nan labarin ya iso ƙofarmu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa a shekara. Gwajin majina kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, magani ma kyauta ne, wata shida ana sha. Mu muna da abin da Spivak ya mutu bai gani ba. Duk da haka binciken da aka yi a ƙasar a 2017 ya gano kashi 71 cikin 100 na gidajen da cutar ta shiga suna kashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara a kanta. Ina kuɗin ke tafiya? Kuɗin mota zuwa asibiti, kuɗin da aka zubar a kemis da wurin masu magani kafin a gano ciwon, ga sana'a ta tsaya, ga abinci. Duk wanda ya yi jinyar mai wannan ciwo ya ji kalmar nan: maganin yana sa yunwa. Ɗan dako ko mai tura baro da ya ji ƙarfi ya ɗan dawo bayan wata biyu, gida ba hatsi, zai ajiye ƙwaya ya koma kasuwa. Ba taurin kai ba ne. Bayan watanni ciwon ya dawo, wani lokaci irin wanda ba ya jin magani, ya kuma riga ya raba wa na ɗaki.

Shi ma batun abincin an gwada shi. A jihar Jharkhand ta Indiya an bi mutum fiye da dubu goma da ke zaune gida ɗaya da masu tarin fuka, aka riƙa ba wani kaso daga cikinsu shinkafa da wake da ƙarin sinadarai kowane wata. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna kamuwa da cutar ya ragu da kashi 39 zuwa 48 cikin 100 a gidajen da aka ciyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana sa rashin abinci mai gina jiki a sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo ta. Kenan telolin West Colfax, da shanunsu da kajinsu, ba su yi kuskure a wannan ɓangaren ba.

Mu ba baƙin irin wannan aiki ba ne. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da wakafi aka riƙe shi, ana jinya kyauta. Muna da zakka, muna da adashi, kowace kasuwa tana da ƙungiyar teloli da ta mahauta da ta direbobi, Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi. Bayarwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Matsalar ita ce sadakarmu ta fi son abin da ake gamawa a rana ɗaya: rabon buhuna a watan azumi, biyan kuɗin tiyatar wanda hotonsa ya zagaya a Facebook. Duk alheri ne, Allah ya saka. Amma mai tarin fuka ba shi da hoton da zai motsa mutane. A hankali yake ramewa, yana ɓoye tarinsa don kada a ware masa kwano, matar aure kuma tana tsoron a mayar da ita gidansu. Buƙatarsa ƙarama ce amma doguwa, sai an yi wata shida ana tuna shi. Ga shi kuma kaso mai yawa na kuɗin yaƙi da cutar daga waje yake zuwa, mun kuwa ga yadda Amurka ta rufe yawancin ayyukan tallafinta a farkon 2025 ba tare da ta nemi shawarar kowa ba.

Abin da nake so in gani bai fi ƙarfin unguwa ɗaya ba. Kwamitin masallaci ko ƙungiyar kasuwa ta je cibiyar da ake ba da maganin a yankinta, kamar Asibitin Zana a Kano, ta ce wa ma'aikatan: gida nawa ne cikin masu karɓar magani ba su da abin ci? Ba sai an ba su sunaye ba, ma'aikacin ya riƙe sirri, kayan su bi ta hannunsa. Kowane wata kwanon wake, gero, man gyaɗa, da kuɗin motar zuwa karɓar magani, har a cika wata shida, gidan gaba ɗaya ake ciyarwa. A riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Kuma a rubuta a dokar ƙungiyar tun ranar farko cewa wanda ya taɓa yanke magani ya dawo, da wanda ciwonsa ba ya jin magani, da wanda likita ya ce ya zo a makare, su ne a gaban layi.